Wuƙar aljihu ta zuwa ofis: yadda za ka zaɓi wadda ba za ta razana kowa ba

Wata Litinin aka kawo mana kwalayen takardu a ofis, an ɗaure su tamau da igiyar roba. Aka nemi almakashi aka rasa. Sai na zura hannu aljihu na zaro wata tsohuwar wuƙa ƙirar Okapi da na gada wajen kawuna, na ɓalle ta, ta yi ƙarar nan tata, kararrat. Hajiyar da ke teburin kusa da ni ta ja kujera baya ta ce, "Malam, lafiya dai? Ai layya da saura." Aka kwashe da dariya, na yanke igiya. Da za a tashi maigidanmu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan abar ka bar ta gida." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Bai yi laifi ba. A Damagaram an sha fama da samarin unguwa masu yawo da makami, saboda haka idon mutane ba ya son ganin doguwar wuƙa a hannun kowa, ko da mai kaftani ne da hula. Amma buƙatar tana nan: ambulan, kwali, zaren da ya sako daga hannun riga, mangwaro lokacin zafi, kilishin da baƙo ya kawo tsaraba. Abin da na koya bayan na sayi da dama na ajiye shi ne, wuƙar ofis mai kyau ita ce wadda za ka fitar, ka yi aikinka, ka mayar, na kusa da kai bai ɗago kai ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke.

Mataki na farko: duba aljihun da za ta zauna

Mutane kan fara da kallon hotuna a intanet. Fara da rigarka. Yawancin wuƙaƙen zamani an yi su ne domin mai wando mai kauri, shi ya sa suke zuwa da maƙali, ɗan ƙarfen da ke kama bakin aljihu. Kamfanin Spyderco na Amurka ne ya fito da wannan dabara a 1981, kuma ga masu irin wannan wando ta yi. Ga mai shadda kuwa masifa ce. Maƙalin yana cin bakin aljihu, yana jan zaren aiki, sannan yana leƙowa waje yana shela cewa ga wuƙa nan. In kaftani kake sawa, nemi marar maƙali, ko wadda ake kwance mata shi da ɗan sukudireba.

Nauyi kada ya wuce giram 70. In ya wuce, aljihun gefe zai riƙa lilo yana dukan cinyarka, na ƙirji kuwa zai ja wuyan riga ya karkace. Kauri ma haka, wadda ta fi ɗan yatsanka ƙarami kauri za ta yi tudu a jikin yadi. Mata masu jaka sun huta da wannan lissafi, sai dai su tabbata wuƙar ba mai buɗewa da kanta ba ce in ta gogi makullai.

Mataki na biyu: tsawon ruwa da siffarsa

Ruwan wuƙar ya kasance tsakanin santimita 6 da 8. In ba ka da abin awo a kasuwa, jera yatsunka huɗu: ruwan da ya zarce faɗinsu ya fita daga kayan ofis. A Ingila dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa ba tare da ya ba da dalili ba, muddin kaifinta bai wuce santimita 7.62 ba kuma ba ta da makullin da ke riƙe ruwan a buɗe. Ba dokarmu ba ce, amma awo ne mai ma'ana, don ya nuna iyakar da idon baƙo ke ɗaukar abu kayan aiki.

Siffa kuma, guji duk mai kaifi biyu, mai haƙora kamar zarto, mai baƙin fenti irin na soja, da mai tsinin mashi. Haƙoran nan suna yaga takarda, ba su fere mangwaro, kuma ba su wasuwa a dutse. Nemi ruwa siriri mai ɗan lanƙwasa wajen tsini, bayansa bai wuce milimita 2 da rabi ba. Sirantar ita ke yanka. Wuƙa mai kaurin baya ko an wasa ta kamar aska, tsaga lemo za ta yi kamar gatari.

Mataki na uku: yadda take buɗewa da yadda take tsayawa

Nan ne ya kamata a daɗe, don nan ake gane ta dattawa da ta ƴan gayu.

Tsohuwar hanya ita ce sifirin a bayan ƙota, ba makulli. Ka sa farce a ɗan tsagin da ke jikin ruwan ka ja, sifirin ya riƙe shi a buɗe, in ka gama ka tura ya koma. Haka Victorinox ƙanana suke, haka Douk-Douk, haka Laguiole. Hannu biyu take buƙata, kuma wannan shi ne alherinta a ofis: wanda ya sa hannu biyu yana buɗe wuƙa a hankali ba ya kama da mai neman rigima. Aibinta, in ka soka tsini cikin abu mai tauri ka danna, tana iya naɗowa kan yatsunka. Ta yanka ce, ba ta huda ba.

Sai zoben Opinel. Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa a 1890 a yankin Sabuwa na Faransa, a 1955 kuma ɗansa Marcel ya ƙara mata wani zoben ƙarfe a wuya, wanda suke kira Virobloc. Ka buɗe, ka murɗa zoben, ruwan ya tsaya cak. Babu sifirin, babu ƙara, babu abin da zai lalace. Zoben yana farawa ne daga lamba 6 zuwa sama, ƙananan ba su da shi.

Akwai makullin baya, wanda Buck 110 ta shahara da shi tun 1964. Yana da ƙarfi, amma ita Buck ɗin wuƙar maharba ce, nauyinta ya kai giram 200, ba ta aljihun kaftani ba. Akwai kuma makullin ciki, wani ɗan faifan ƙarfe da ke faɗawa bayan ruwan in an buɗe, wanda Michael Walker ya gyara ya yaɗa tun 1980. Wuƙaƙen zamani da yawa masu buɗewa da babban yatsa shi suke amfani da shi. Suna da daɗin riƙo, ban musa ba. Sai dai buɗewa da hannu ɗaya, fat, da ƙarar tak a ƙarshe, shi ne ainihin abin da ke sa mutane zabura. A Jamus ma an hana yawo cikin jama'a da wuƙar da ta haɗa buɗewar hannu ɗaya da makulli, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mai maɓalli kuwa, wadda ake latsawa ta yi tsalle, kada ma ka taya.

Ga wani abu da masu tallar intanet ba za su gaya maka ba, don ba su san hunturunmu ba. Wuƙaƙen zamani da yawa suna juyawa ne a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, boris, ko rulma kamar yadda makanikanmu ke cewa. Ranar da ka saya za ta buɗe sulɓi kamar an shafa mata man shanu. Bari ƙurar Janairu ta shige ta, mako biyu za ka ji tana ƙas-ƙas, kuma ba ta gyaruwa sai an kwance ta da sukudireba mai bakin tauraro, wanda ba kowane shago ke da shi ba. Wadda ke juyawa kan ɗan faifan tagulla, ko kan ƙusa kawai, hura mata iska ka ɗiga mai ta ci gaba da aiki.

Mataki na huɗu: ƙarfen

Iri biyu ne a taƙaice: baƙin ƙarfe mai tsatsa, da inoks marar tsatsa. Ba a kiran ƙarfe inoks sai sinadarin kuromiyom da ke cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin 100. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi, kuma kaifinsa na da daɗi, shi ya sa mahauta da wanzamai ba su rabuwa da shi. Amma ka tuna Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, gumi ya jiƙa aljihu. Kwana ɗaya ka manta ba ka goge ba, sai ka tarar da jan tabo. In ka yanka lemun tsami ko albasa, ruwan zai yi duhu nan take, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a jikin abin. Duhun ba illa ba ne, yana ma kare shi daga tsatsa, sai dai ba kowa ke son ya ga an fere masa gwaiba da baƙar wuƙa ba. Don ofis, ni inoks nake zaɓa.

Za ka ga lambobi a jikin ruwa ko a kwali. 12C27 da 14C28N kamfanin Sandvik na Suwidin ne ya fito da su, nagari ne, suna wasuwa ba wahala. 8Cr13MoV na Sin ne, talaka ne amma yana aikinsa. D2 yana riƙe kaifi, sai dai rabin inoks ne, gumi na kama shi. M390 da S35VN su ne na masu kuɗi: suna daɗewa ba su dakushe ba, amma ranar da suka dakushe dutsen washi na gida ba ya cin su yadda ya kamata, sai dutse mai garin daimon. Taurin ƙarfe ana auna shi da ma'aunin Rockwell. Victorinox tana wajen 56, su M390 suna kaiwa 60 zuwa 62. Mai yankan ambulan da mangwaro ba ya buƙatar 62. Gara wadda za ta dakushe bayan wata guda ka tayar da ita cikin minti biyu, da wadda za ta yi wata shida sannan ta gagari kowa a garin.

Mataki na biyar: ƙota

Icce yana da kyau a ido, yana da ɗumi a hannu, amma yana numfashi da yanayi. Ƙotar Opinel kan kumbura da damina har ruwan ya ƙi fitowa, da rani kuma ta saki. Mutanen Sabuwa suna da dabararsu: ka buga gindin ƙotar a gefen tebur sau ɗaya, tsinin zai leƙo ka kama. Ƙaho da ƙashi su ne sarakan kyau, sai dai bushewar hunturu na iya tsaga su ko ta sa su janye daga jikin ƙusoshi. Alminiyom ba ruwansa da rani ko damina. Roba ja ta Victorinox tana karcewa in ta zauna da makullai, amma ba ta fasa aiki. Duk wanda ya ce maka ƙotarsa hauren giwa ce, ko ƙarya yake yi ko haramtaccen kaya yake sayarwa, don an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989.

Waɗanda zan sa a gabanka

Victorinox Cadet ita ce ta farko a wurina. Karl Elsener ya kafa masana'antar a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884, kuma har yau can ake yin yawancin wuƙaƙen aljihunsu. Cadet tana da tsawon milimita 84 a naɗe, ƙotar alminiyom mai zanen tabarma, nauyi bai kai giram 50 ba, siririya kamar akwatin ashana da aka danne. Bayan ruwan akwai magogin farce, mabuɗin gwangwani da na kwalba, bakunansu kuma sukudireba ne. Kowa ya san jinsinta, ba wanda ke ganinta makami. In ƙarama kake so ta rataye a makullai, Classic mai milimita 58 tana da ɗan almakashi da ya fi ruwan amfani. Wani abin lura, Spartan da ake yawan kawowa tana da murɗaɗɗen ƙarfe na cire toshiyar kwalbar giya. Mu me za mu yi da shi? Nemi Tinker, girmansu ɗaya, a gurbin wancan an sa sukudireba mai baki huɗu.

Opinel lamba 6 ko 7 ta inoks ita ce mafi iya fere ƴaƴan itace, kuma mafi sauƙin kuɗi. Lamba 8 ce ta fi shahara, ruwanta santimita 8.5, amma ƙotarta mulmulalliya ce, tana tudu a aljihu.

Douk-Douk kuwa labarinta ya taɓo mu. Gidan Cognet da ke Tiyer, garin maƙeran Faransa, ya fara yin ta a 1929 da nufin sayarwa a tsibiran Melaneziya, har aka zana mata hoton wani dodon can a ƙota. Can ba ta karɓu ba, sai ta sami kasuwa a Arewacin Afirka, musamman Aljeriya. Daga baya aka fitar da wata mai farar ƙota, aka cire dodon aka sa tanaghilt, alamar nan ta Agadas da mata ke ratayawa, aka sa mata suna El Baraka. Sassanta shida ne kacal, ƙotar faifan ƙarfe ne da aka ninka, shi ya sa ba wadda ta kai ta siranta. Ɗauki ƙaramar. Sifirinta yana da ƙarfi ƙwarai, ka kiyaye yatsu wajen rufewa, kuma ta asali baƙin ƙarfe ce.

Laguiole ita ce amarya, siririya mai lanƙwasa da ɗan ƙudan ƙarfe a wuya. Matsalar, sunan ƙauye ne, ba na kamfani ɗaya ba, don haka da yawan masu ɗauke da sunan a Sin ko Pakistan aka yi su. In ba sunan maƙerin da garinsa a jiki, wuce. Ta ƙwarai ma ba a sake ta ta rufe da ƙarfi, don a yawancinsu kaifin yana dukan sifirin ya dakushe.

Mai son ta zamani duk da abin da na faɗa, ya duba CRKT CEO, wadda aka yi ta da siffar alƙalami don ta ɓace a aljihun ƙirji. Boris gare ta, ka san da haka.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Ko a kasuwar Dole ka gan ta, ko wani ya taho maka da ita daga Kano ko Yamai, jabu sun fi na ƙwarai yawa, kuma araha ba ta ado. Victorinox ta gaske tana da hatimi a gindin babban ruwan, haruffa tsaf, an buga su cikin ƙarfen. Opinel tana da hoton hannu da kambi a kansa. Amma masu jabu ma sun iya zane, don haka hannunka ne alƙali.

Buɗe ta, ka kama bayan ruwan kusa da tsini, ka girgiza hagu da dama. Bai kamata ka ji motsi ba. Rufe ta ka leƙa ta sama: ruwan ya zauna tsakiya, ba ya gogar gefe. Shafa yatsa a kan ƙotar tana rufe, in tsinin ya leƙo har ya kama fata, zai huda maka aljihu. Ɗaga ta ga rana ka duba tsakanin sifirin da ƙota, in haske na wucewa aikin ganganci ne. Buɗe ka rufe sau goma kana saurare. Sannan ka roƙi mai kaya guntun takarda. Mai gaskiya zai ce, "Gwada mana, Alhaji." Wanda ya ce kada a ɓata masa kaya, ka yi masa sallama.

Mataki na bakwai: washi da kulawa

Kada ka kai ta wurin mai injin washi. Dutsen da ke juyawa da gudu yana zafafa bakin har taurin ƙarfen ya tafi, kuma yana cinye rabin ruwan ƙaramar wuƙa a zama ɗaya. Dutse mai laushi da ruwa sun isa. Tsayar da ruwan wuƙar a miƙe kan dutsen, kwantar da shi rabi, sake kwantar da shi rabin wannan, ka ɗan ƙara kwantar da shi kaɗan: ka zo wajen digiri 20 ke nan. Ja shi kamar kana son yanko ɓawon dutsen, daga gindi zuwa tsini, har ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen. Juya ka yi haka. In gashin bai taso ba, ba ka kai bakin ba tukuna, ci gaba. Daga nan sai ka goge ta a kan fata, kana ja baya-baya kamar wanzami. In kana ofis ba dutse, kife kofin tangaran, zoben gindinsa marar sheƙi yana tayar da kaifi.

Mai kuwa, ɗigo ɗaya a mahaɗa ya wadatar, ka goge sauran, don mai da yawa gayyatar ƙura ne. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. Man keken ɗinki yana aiki, amma in kana yanka abin ci da ita, nemi farin man parafin na kantin magani. Danƙon salatif da ke manne wa ruwa bayan buɗe kwali, ɗan alkol a tsumma yana cire shi. Kuma kada ka ɓamɓare murfi ko ka murɗa ƙusa da tsininta, nan ne duk suke karyewa.

Inda ba ta zuwa

Filin jirgi, ko na nan ko na Diori Hamani a Yamai, sa ta cikin akwatin da za a auna, in ba haka ba ka yi kyautarta ga masu bincike. Banki, kotu, fada ranar taro, filin kokowa, gangamin siyasa, duk inda ake laluben mutane a ƙofa, bar ta a gida ko a aljihun tebur. In ma'aikatarku tana da ƙa'ida a kan haka, ƙa'idar ce gaba. In jami'in tsaro ya tambaye ka a hanya, faɗa masa akwai ta kafin ya lalubo, ka miƙa ta a rufe. Haka ma in abokin aiki ya ara, a rufe ake miƙawa, kuma ka tsaya har ya gama, don wanda bai saba ba da ita zai ɓalle ƙusar takarda.

Abu na ƙarshe da za ka yi bayan ka saya, ka gangara Birni wurin dukawa da wuƙar a hannu, ka sa a ɗinka mata ɗan kube na fatar akuya, buɗaɗɗen baki, marar maɓalli. Ka ce a yi shi ya ɗan matse, don fata tana saki, kuma a bar kan ƙotar ya leƙo kamar faɗin yatsa ɗaya yadda za ka kama. Ka roƙi baduku ya bar cikin ba rini, saboda jan rini da gumi suna ɓata alminiyom da icce. Guntun fatar da ya rage kuma kada ka bari a can, karɓo shi ka manna a ɗan katako, shi ne magoginka.